Kisa Ba Gawa: Tarihin Raha da Laƙabi a Fagen Damben Ƙasar Sakkwato

Dambe wasan naushi ne da naɗaɗɗen hannu ɗaya, wanda Hausawa suka gada kaka da kakanni, kuma yana da harshensa na kansa. Baƙon da bai taɓa shiga fage ba, in ya tarar ana ba da labarin wasan jiya, sai hankalinsa ya tashi: an sa zare goma sha biyu, an yi kisa a biyar, wane ya kashe wane tun a turmin farko. Alhali duk waɗanda aka kashe ɗin da ƙafafunsu suka koma masauki, wasu ma a akushi ɗaya suka ci tuwon dare da waɗanda suka kashe su. Wannan harshe, tare da laƙubban 'yan dambe da zambon makaɗa da shewar 'yan kallo, shi ne gefen raha na wasan da ke fasa baki ya karya haƙori. Ƙasar Sakkwato, haɗe da Zamfara da Kabi, ita ta fi kowace yi masa ado, domin daga nan manyan makaɗan dambe suka fito, kuma da karin harshen nan aka rera waƙoƙin da sauran ƙasar Hausa ta haddace.

Asalin wasan na mahauta ne, waɗanda Sakkwatawa ke kira Rundawa, ɗayansu Barunje. Duk garin da ke da kasuwa yana da Rundawansa da Sarkin Fawansa, kuma haka abin yake a garuruwan da ke kudu da birnin Sakkwato ta hanyar Jega: Sifawa, Boɗinga, Shagari, Yabo, har Tambuwal. Fawa sana'ar gado ce, kalangu ne gangarta. Da shi ake sanar da gari an yi yanka, da shi ake raka angon Rundawa, da shi kuma ake kiran ɗan dambe fage. Al'umma ba ta sa mahauci a sahun gaba na daraja ba, amma ta shaide shi da abu biyu, ƙarfin dantse da kaifin baki. Mutumin da ya wuni a rumfar nama yana tsokanar masu saye, yana kare tsokarsa da rantsuwa da ba'a, ba zai rasa abin faɗi ba in ya shiga fage da yamma. A rumfar nama harshen dambe ya tashi, shi ya sa ba shi da kunya, kuma ba shi da ƙullaci.

Sifawa tana da nata matsayi a wannan tarihi, ko da yake ta wata fuska ce daban. A nan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna daga wajajen 1810, bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, har zuwa 1815 da ya koma Sakkwato, inda ya rasu a 1817. Ƙanensa Malam Abdullahi yana nan kusa a Boɗinga. A waɗannan shekaru malaman jihadi suka fuskanci tambayar da yaƙi ya jinkirta: yaya za a yi da kaɗe-kaɗe da wasannin talakawa? Littafin Kitabul Farƙi, wanda ake jingina wa Shehu, ya lissafa shagala da kiɗa ba bisa wata manufa ta shari'a ba cikin ɗabi'un sarakunan da aka kawar, kamar yadda ya lissafa tawasa, kason naman da ake karɓa daga mahauta a kasuwa. Malam Abdullahi ya tsananta a kan kayan kiɗa a cikin Liya'us Sulɗan. Shehu kuwa, a Najmul Ikhwan da ya rubuta a 1812 yana Sifawa, ya sassauta, ya nuna cewa mas'ala ce da malamai suka saɓa a kanta, kuma bai kamata a ƙuntata wa jama'a a kan abin da ke da saɓani ba. Muhawarar a kan kiɗa ce gaba ɗayansa, amma ta shafi dambe kai tsaye, don babu dambe in babu kalangu. Abin da ya biyo baya zaman kawaici ne mai tsawo: malamai ba sa zuwa fage, ba sa yaba shi, Rundawa kuma suna yin abinsu a bayan gari in an kawar da amfanin gona. Hausawa na cewa wargi ma wuri yake samu, kuma wurin da dambe ya samu ke nan.

Ɗaya daga cikin tsofaffin bayanan da aka rubuta a kan fage ya fito ne daga Hugh Clapperton, ɗan Sikotlan da gwamnatin Ingila ta turo, wanda ya sauka Kano a farkon 1824 kan hanyarsa ta zuwa wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ya ji labarin 'yan damben Hausa, ya sa ladan wuri 2,000 don a gwada masa. Suka zo da ganguna biyu, da mahautan gari kaf a bayansu. Ya ba da labarin yadda 'yan mata suka bar tulunansu a bakin rijiya, 'yan kasuwa suka yar da kwandunansu, kowa ya sheƙo kallo. Yadda mai kula da fage ya riƙa watsa wa mutane ƙasa don su ja da baya a sami fili. Yadda ake naɗe hannun dama da siririn ƙyallen saƙi tun daga yatsan tsakiya har ya wuce wuyan hannu. Ya kuma rubuta cewa kafin a gwabza, kowane ɗan dambe sai ya fito tsakiya ya nuna dantsensa, ya kira kansa kura ko zaki, ya ce ba mai tsaya masa. Kirari ke nan ya ji, bai san sunansa ba. Sama da shekara 200 sun shuɗe, amma wanda ya je fage a yau zai gane kusan kowane abu a cikin bayanin.

Lokacin dambe a ƙauye kaka ne. In gero ya shiga rumbu, aljihu ya yi nauyi, bukukuwan aure suka kankama, sai 'yan dambe su ɗauki makaɗansu su shiga gari-gari, Rundawan kowane gari su sauke su. Da la'asar sakaliya a share fili, jama'a su yi da'ira, 'yan mata su tsaya gefe guda. Makaɗi ya saki taken wani. Mai taken ya zabura jikinsa na tsuma, ya ɗaga naɗaɗɗen hannunsa ya yi kirari, ya zaga fage. In a ɗaya ɓangaren akwai wanda ya ji zai iya, sai ya fito ya tsaya gabansa, kowa ya miƙa buɗaɗɗen hannunsa gaba don tsaro, ya janye naɗaɗɗen baya yana jiran kafa.

Kalmomin da ake bayyana abin da ke biyo baya da su iri biyu ne. Wasu suna rage abin, wasu suna kambama shi, rahar kuma tana tsakanin biyun. Igiyar da ake ɗaure dunƙulallen hannu da ita, bayan an rufe shi da ƙyalle, sunanta zare. In an gama naɗi hannun yana iya sumar da ƙato da bugu ɗaya, amma ana kiran abin da sunan kayan aikin tela. Saboda haka in mutum biyu za su gwabza sai a ce za su sa zare, kamar masu shirin ɗinka riga. Zagaye ɗaya na faɗan kuma turmi ne, a al'ada turmi uku ake yi. Duk wanda ya tashi a gidan da ake daka ya san abin da ke samun hatsin da ya shiga turmi, don haka kalmar ba ta bukatar sharhi. Turmi yakan ƙare in an ruƙume an kasa rabuwa, ko naɗi ya kwance, ko ɗayansu ya nemi a dakata. Sai kowa ya koma wajen mutanensa a gyara masa zare, a fesa masa ruwa, a tofa masa abin da za a tofa.

Sai kisa. Ƙa'idar ita ce duk wanda bugu ya sa hannunsa ko gwiwarsa ko jikinsa ya taɓa ƙasa, an kashe shi. Yana iya zama suma ta gaske, wadda sai an ciccibi mutum an yayyafa masa ruwa. Yana iya zama dafa ƙasa kawai na ƙiftawar ido. Duka sunansu kisa. In an yi turmi uku ba wanda ya faɗi, sai a ce babu kisa, a raba su. Akwai hikima babba a wannan kalma. Dambe yana da haɗari na gaske, an sha rasa ido a cikinsa, an sha rasa rai, musamman a zamanin da wasu ke cusa abu mai tauri cikin naɗi suna ɗaura akayau a ƙafa don shuri. Mutanen da ke fuskantar wannan kowace yamma sun ɗauko sunan abin da suke tsoro, suka liƙa wa faɗuwar da ake tashi daga gare ta. Mutum ya mutu jiya, yau ga shi zaune ana naɗa masa hannu, abokai na tsokanarsa da tambayar labarin lahira. Ba'ar tana rage wa wanda aka kayar zafin kunya, tana kuma hana abin ya rikiɗe ya zama gaba. Sau da yawa wanda ya yi kisan shi ke fara miƙa hannu ya ɗaga wanda ya kashe.

Asiri ma yana da rabonsa a cikin dariyar. Ɗan dambe yakan shigo da layu da kambu da guru, dantsensa da tsagar da aka cusa wa magani, wani kuma ya dogara da sagau, wanda aka ce yana sandarar da hannun abokin gaba in ya ɗaga shi. Mutane suna tsoron waɗannan abubuwa da gaske. Amma ranar da mai layu rututu ya sha ƙasa a hannun yaro, maganar 'yan kallo ɗaya ce, ya koma wajen bokansa a mayar masa da kuɗinsa.

Inda harshen ya fi yalwa shi ne wajen suna. Da wuya a kira ɗan dambe da sunan yankansa kaɗai. Laƙabi yana bin gidan da mutum ya koyi wasa: yaro yakan ɗauki sunan ubangidansa ya jingina kansa a kai. Shagon wane shi ne yaron da ubangida ke ji da shi. Autan wane shi ne ƙarami a hannunsa. Dogon wane, tsawo aka duba. Bahagon wane hagu yake naɗawa, kuma bahago abin shakka ne a fage, don bugunsa yana zuwa ta inda ba a saba tsaro ba. Akwai garkuwan wane, akwai sojan wane, akwai ƙanin wane. In yaron ya girma ya yi nasa yara sai sunan ya ƙara tsawo, har a sami shagon bahagon wane ko autan dogon wane, suna ɗaya ɗauke da zuriya uku, mai shela ya ja numfashi kafin ya gama kiran mutum biyu. Abin dariya ne a kunne, amma salsala ce cikakkiya. Daga sunan kaɗai tsohon ɗan kallo zai faɗi gidan da yaro ya fito, da irin bugun da za a sa ran gani, da tsohuwar jiƙaƙƙar da ke tsakanin gidansu da na abokin karawarsa.

Bayan gida akwai ɓangare. 'Yan dambe sun kasu uku, Kudu, Guramada da Arewa, kuma Arewa ita ake wa laƙabi da Jamus. Mafi yawan 'yan Jamus daga tsohon Lardin Sakkwato suke, don haka ɗan Sifawa ko Shagari da ya naɗa hannu a Kano ko Abuja a wannan sahu ake sa ran ganinsa. Sunan na ƙasar da Hausawa suka sha jin labarin taurin kanta ne a yaƙin duniya na 1914 da na 1939, wasunsu ma sun yaƙe ta a Kamaru cikin rundunar Ingila. Kudun dambe kuwa daban take da kudun taswira, 'yan Kano da Zazzau da Katsina ake nufi. A al'ada 'yan ɓangare ɗaya ba sa sa zare da juna, kuma rabin hirar 'yan kallo gori ne tsakanin ɓangarorin: wa ya fi kisa bana, wa aka yi wa wankin babban bargo bara.

Makaɗi ne mai riƙe da linzamin rahar. Kowane ɗan dambe da ya isa yana da takensa, gajeren kiɗan da kalangu ke faɗin sunansa da shi, kuma jin taken yakan tayar masa da tsikar jiki ko da abinci yake ci. Amma yabo rabin aikin makaɗi ne. Ɗaya rabin zambo ne da habaici: ya siffanta abokin karawa da ƙaton ciki da siririyar ƙafa, ya ce budurwarsa ta riga ta koma gefen mai nasara, ya ba shi shawara ya bar wasiyya kafin ya shigo. Makaɗan fada su ma suna zambo, amma cikin lulluɓi. Makaɗin dambe ba ya lulluɓe komai, har ashar yakan saki, kuma wannan na cikin abin da ya nisanta malamai daga fage.

Muhammadu Bawa Ɗan Anace, mutumin ƙasar Gandi a gabas da Sakkwato, wanda ya rasu a 1986, shi ya kai wannan fasaha ƙololuwa. Ya yi wa manoma waƙa, ya yi wa masu sarauta, amma da waƙoƙin dambe aka fi saninsa, musamman waɗanda ya yi wa 'yan dambe Shago da Ɗandunawa da Ado Ɗan Kware. Gwanintarsa ita ce ya ɗauki kalmar kisa da gaske ya gina mata duniya sukutum. A bakinsa gwaninsa ajali ne, abokin karawa kuma matafiyi ne da ake yi wa bankwana. Yana faɗin haka da Sakkwatanci tsantsa, cikin natsuwar mai ba da labarin abin da ya gani da idonsa, har mai sauraro ya rasa ko tsoro zai ji ko dariya zai yi, ya ƙare da yin duka biyun. Illon Kalgo, daga Kalgo ta jihar Kebbi ta yanzu, shi ma ya yi suna a wannan fanni. Rediyon Kaduna da gidan rediyon Rima da kaset suka kai waƙoƙin ko'ina, har mutanen da ba su taɓa leƙa fage ba suka san karawar Shago da Ɗandunawa.

Irin wannan ba'a ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Taubasantaka ta riga ta koya masa cewa akwai zagin da ke ƙulla zumunci: Bafulatani da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, Bakano da Bazazzagi, maƙeri da Buzu, jika da kaka. Fage ya ari wannan doka. Abin da aka faɗa a cikin da'ira a cikinta yake ƙarewa, wanda kuma ya yi fushi da zambo ya jawo wa kansa wani.

A watan Maris na 1903 sojojin Ingila suka ci Sakkwato, kuma Turawan mulki sun zo da nasu wasannin. Ƙwallon dawaki ya sami karɓuwa a gidajen sarauta, musamman a Katsina ta zamanin Sarki Muhammadu Dikko, don doki ba baƙo ba ne. Golf, wanda wasu gidajen rediyo ke kira ƙwallon lambu, ya tsaya a bariki. An share masa filaye a Kano, Zariya, Kaduna da Jos, inda ake danganta kafuwar kulob ɗin Rayfield da 1913. Wasa ne na kora ƙaramar ƙwallo da sanda zuwa cikin rami, ramuka 18 a zagaye guda, wanda ya fi ƙarancin bugu shi ya ci. A Turai kewayen kowane rami lallausar ciyawa ce, shi ya sa suke kiran wurin kore. A Arewa rani ba ya barin ciyawa, sai aka riƙa cakuɗa rairayi da baƙin mai ana daddaɓewa, Turawan kuma suka bi launinsa suka koma kiransa ruwan ƙasa.

Harshen wannan wasa shi ma cike yake da raha, kuma jera shi da na dambe yana fito da halin kowannensu. A Sikotlan golf ya girma, shi ma hukuma ta taɓa harararsa: a 1457 Sarki James na Biyu ya hana shi tare da ƙwallon ƙafa, don suna shagaltar da samari daga koyon harbin baka. An rubuta dokokinsa na farko a Leith a 1744, a 1764 kuma filin St Andrews ya tsayar da ramukansa a 18. Kowane rami yana da adadin bugun da ake sa ran gwani zai yi, uku ko huɗu ko biyar, kuma a kewayen wannan ƙa'ida sunayen raha suka taru. A wajajen 1890, a kulob ɗin Great Yarmouth na Ingila, aka fara ɗaukar adadin a matsayin wani ɓoyayyen abokin hamayya da ba ya kuskure, aka sa masa suna Bogey, dodon da ake tsorata yara da shi, daga wata waƙa da ke tashe a lokacin. Da sunan ya isa kulob ɗin hafsoshin soja a Gosport, sai suka ga bai dace a bar shi ba muƙami ba, suka naɗa dodon kanar. A 1914 wani shugaban badujalar soja ya tsara wa Kanar Bogey take nasa, wanda har yau ake busawa a fareti. Da 'yan wasa suka ƙara ƙwarewa darajar kanar ta faɗi, sunansa ya koma na wanda ya zarce ƙa'ida da bugu ɗaya.

Amurkawa suka kawo tsuntsaye. A bakin mutanen wancan zamani abu mai kyau tsuntsu ne, kuma kulob ɗin Atlantic City ya kafa allo da ke cewa a filinsa, a 1903, aka fara kiran ramin da aka gama da ragin bugu ɗaya birdie, ɗan tsuntsu. Ragin biyu ya zama gaggafa. Ragin uku aka ba shi sunan albatross, wani ƙaton tsuntsun teku da ba kasafai ake ganinsa ba, kuma irinsa Gene Sarazen ya yi a rami na 15 a gasar Masters ta 1935, ake ta labari har yau. Sauran kalmomin kusan duk na kuskure ne. Ƙwallon da ta nutse rabi a rairayi soyayyen ƙwai ce. Wadda ta ƙi tashi sama ta bi ƙasa da gudu, mai ƙona tsutsa. Wadda ta lanƙwasa ta bar hanya, ayaba. Wanda ya yi bugu takwas a rami ɗaya ya yi mutum-mutumin ƙanƙara, saboda siffar lambar 8. In bugun farko ya lalace abokai suka yafe a sake, sunansa mulligan, kuma labarin da aka fi bayarwa shi ne na wani mai wannan suna a Montreal ta Kanada a shekarun 1920. Ɗakin shaƙatawar da ake komawa bayan an gama ramuka 18 shi ne rami na 19.

Ɗan golf ba ya tsoron jini. Kunya yake tsoro, ya kai wa ƙwallon da ke zaune wuri ɗaya duka ya kuskure a gaban abokansa, shi ya sa harshensa ya tara sunaye masu taushi na tsuntsaye da abinci. Ɗan dambe raunin jiki yake fuskanta, sai harshensa ya tafi can ƙarshe ya ɗauko mutuwa da lahira ya mai da su abin wasa. Harshen golf masu wasan ne da kansu ke ƙirƙira shi tsakaninsu, a filin da ake son shiru in za a yi bugu. Na dambe kuwa na taro ne, makaɗi da maroƙi da 'yan kallo kowa na da baki a ciki. Yaran da suka riƙa ɗaukar wa Turawa jakar sanduna a Kano da Kaduna sun haddace kalmomin golf, da yawa daga ƙwararrun 'yan wasan Nijeriya ma ta wannan hanya suka fara, amma kalmomin ba su tsallako katangar kulob sun shiga Hausar kasuwa ba. Na dambe sun shiga.

Kafin su shiga sai da wasan kansa ya bar bayan gari. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo siffarsa ta yanzu daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ya zama ɗaya daga wuraren da ake dambe da kokawa a gaban sarakuna da manyan baƙi. Cin rani ya kwashi samarin ƙasar Sakkwato zuwa birane, suka tafi da zarensu. Aka buɗe gidajen dambe na dindindin masu katanga da kuɗin ƙofa, irin su dandalin Ado Bayero a Sabon Garin Kano, da gidan Ali Zuma a Dei-Dei ta Abuja, da na Alaba Rago a Legas. Wasa ya daina jiran kaka, ya kuma daina zama na Rundawa kaɗai. Manomi da direba da ɗan dako duk suka naɗa hannu. Sababbin kalmomi suka biyo. Damben kasuwa shi ne na yau da kullum, damben gasa na kambu da kyauta, damben mota ko na babur an kira shi da abin da za a ci, ajo kuma wasan da ake shirya wa mutum don a tara masa gudummawa.

Laƙubba ma suka bi zamani. A da daji ake shiga a ɗauko suna, kura ko zaki ko giwa. Yanzu duk abin da ya burge jama'a ko ya girgiza su yana iya zama sunan ɗan dambe. An yi Fijo, sunan motar da ta taɓa mulkin hanyoyin Arewa. An yi Nokiya, wayar da aka sani da ƙarko. Annobar Ebola ta shigo Legas a 2014, sunanta kuma ya zauna a kan ɗaya daga fitattun 'yan damben Kudu na wannan zamani, har yaransa na amsa Shagon Ebola. Korona ta zo a 2020, ita ma an sami mai amsa sunanta. Ko alƙalin wasa bai tsira ba, a Dei-Dei an yi wanda ake kira Tirabula. Haka abin yake a ƙetaren iyaka, a Nijar, inda kokawa ta fi ƙarfi kuma ake gasar takobi tun daga wadda aka yi a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya ci. Daga baya aka yi su Langa-Langa da Kwamando da Bindigau. Wasu na ganin sa wa mutum sunan annoba rashin tausayi ne ga waɗanda ta yi wa ɓarna, kuma ƙorafin yana da tushe. Sai dai wanda ya san kisa da turmi zai ga tsohuwar hanya aka bi, ta ɗauko abin tsoro a kira shi da baki a tsakiyar taro har a iya yi masa dariya.

Kafafen labarai su suka ƙarasa aikin. Sashen Hausa na BBC ya daɗe yana kawo sakamakon wasannin Dei-Dei da Marabar Nyanya da kalmomin fage yadda suke, ba sauyi. Tashar Dambe Warriors da aka buɗe a YouTube a 2017 ta kai wasan gaban masu kallo a ƙasashen da ba a jin Hausa. Masu shirya gasar zamani sun kawo awon nauyi da likita da agogo, turmi ya koma abin da ake ƙidaya da minti, amma sunansa bai sauya ba. A jaridu da rediyo yanzu 'yan takara suna sa zare a zaɓe, rikicin jam'iyya dambarwa ce, kuma da Andy Ruiz ya doke Anthony Joshua a New York a 2019, masu ba da labarin wasanni da Hausa a turmi na bakwai suka ce an yi abin.